Yadda Ake Gane Cututtukan Fata Daga Kamanninsu

Ciwon fata a fili yake, shi ya sa kowa ke ganin ya san shi. Da an ga tabo mai zagaye sai a ce makero ne, da an ga fari-fari a ƙirji sai a ce kyasbi, wanda kuma ya cika susa an yanke masa hukuncin ƙazuwa tun kafin a dube shi. Sau da yawa ana dacewa. Amma inda ba a dace ba, ɓarnar tana da girma: akwai wanda zai shekara yana shafa maganin kyasbi a kan tabon kuturta, har jijiyar hannunsa ta mutu.

Likitocin fata ba sa fara wa da sunan cuta. Sukan fara da kwatanta abin da ido ya gani da abin da hannu ya ji, bi da bi, sunan kuma ya zo a ƙarshe. Wannan tsari kowa zai iya koyonsa. Ba zai mayar da kai likita ba, amma zai sa ka san abin da za a iya jira da abin da ba ya jiran gobe.

Mataki na farko: ka tabbatar ba na gaggawa ba ne

Kafin ka tsaya nazarin siffar ƙurji, dubi mutumin gaba ɗaya. Yana da zazzaɓi? Hankalinsa na tare da shi? Yana numfashi daidai?

Idan akwai zazzaɓi tare da ɗige-ɗige ja ko masu duhu a fata, ɗauki kofin gilashi ka danna gefensa a kansu. Ƙurajen da jini ke gudana a ƙarƙashinsu sukan dishe idan an danna. Waɗanda ba su dishe ba, jini ne ya fita daga jijiya ya kwanta a fata, kuma wannan na iya zama alamar ƙwayar sanƙarau ta shiga jini. A nan awa ɗaya ma tana da tsada, sai asibiti.

Haka nan idan borin jini ya zo da kumburin leɓe ko harshe ko shaƙewar murya. Haka idan mutum ya fara sabon magani cikin makonnin da suka wuce, sai ga zazzaɓi, fata tana zafi kamar ƙuna, baki da idanu da al'aura sun yi miki, fata ta fara saluɓewa. Wannan mummunar illar magani ce, kuma an fi ganinta da magungunan farfaɗiya irin su kabamazefin da fenitoyin, da magungunan salfa, da alofurinol, da nebirafin. A dakatar da maganin, a tafi asibiti da kwalinsa a hannu. Na ƙarshe, ƙafa ko hannu da ya kumbura, ya yi zafi, kumburin yana faɗaɗa cikin sa'o'i, musamman idan raɗaɗin ya fi abin da ido ke gani.

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, kana da lokacin dubawa a tsanake.

Mataki na biyu: haske, da duba jiki duka

Hasken rana ya fi kowace fitila. A goge hoda da man shafawa. Kada ka tsaya a wurin da aka nuna maka kawai, domin mai ciwo yakan nuna inda ya fi damunsa, amsar kuma tana iya kasancewa a fatar kai, ko farce, ko cikin baki, ko tsakanin yatsun ƙafa.

Sai maganar launi, kuma a nan ake yawan ɓata. Yawancin hotunan da ke littattafan likitanci na farar fata ne, inda kumburi ke fitowa ja wur. A baƙar fata wannan jan ba ya fitowa haka. Yakan zama ruwan ƙasa mai duhu, ko shuɗi-shuɗi, ko toka-toka, wani lokaci ma ba ka ganin komai sai ɗan sheƙi. Saboda haka a fata mai duhu launi shi ne mafi raunin shaida. Ka kwatanta wurin da takwaransa na ɗaya gefen jiki, ka sa bayan hannu ka ji ko ya fi ɗumi, ka duba inda fata ba ta da duhu sosai, wato tafin hannu, tafin ƙafa, cikin fatar ido da ganɗa. Ka kuma tuna cewa baƙar fata takan bar tabo, baƙi ko fari, na tsawon watanni bayan ciwo ya warke. Tabon da ya rage ba cuta ba ce mai rai, kuma ba ya bukatar a ci gaba da zuba masa magani.

Mataki na uku: rufe ido ka shafa

Ka nemi ƙurji sabo, wanda farce bai taɓa ba, ka shafa shi da yatsa mai tsabta (idan yana ruwa ko ya fashe, sa safar hannu). Tambayar ita ce: a shafe yake da fata, ko ya taso?

Idan a shafe yake, canjin launi ne kawai. Idan ya taso, sai ka duba ko tauri ne a ciki, ko ruwa, ko mugunya. Girmansa ma yana da amfani, kuma ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne santimita 1: ƙasa da haka ƙaramin ƙurji ne, sama da haka ya zama faffaɗan tabo, ko kullutu, ko bororo idan ruwa ne a ciki. Sannan ka duba samansa. Yana da ɓarɓashi busasshe? Ɓawo ne na ruwan da ya bushe? Fatar ta yi kauri da layi-layi irin na wanda ya daɗe yana susa? Daga ƙarshe ka duba bakinsa, ko yana da iyaka a fili da za ka iya zagayewa da biro, ko kuwa ya narke cikin lafiyayyar fata.

Wannan kaɗai yana raba cututtuka da yawa. Borin jini, misali, kumburi ne mai laushi mai ƙaiƙayi wanda kowane ɗaya ke ɓacewa cikin awa 24 ba tare da barin tabo ba, ko da wani ya sake fitowa a wani wuri. Idan kana shakka, zagaye ɗaya da biro ka duba washegari. Ɓawo mai launin zuma a gefen hanci da bakin yaro kuwa alamar bakteriya ce, yana yaɗuwa ga sauran yara da sauri, kuma idan bayan makonni yaron ya fara kumburin fuska ko fitsarinsa ya yi duhu, a duba ƙodarsa.

Mataki na huɗu: a ina ya fito, kuma yaya ya jeru?

Ni a ganina wannan mataki ya fi kowanne ba da amsa, domin cututtukan fata suna da wuraren zamansu.

Ƙazuwa tana son tsakanin yatsun hannu, cikin wuyan hannu, hammata, zagayen cibiya, ƙugu, ɗuwawu, kan nono ga mata, da al'aura ga maza. A jikin babba ba kasafai take taɓa fuska ba, amma a jikin jariri takan fito a tafin hannu da tafin ƙafa har da kai. Wata 'yar ƙwaro ce da ido ba ya gani sosai take haƙa rami a saman fata, shi ya sa idan ka duba da kyau za ka iya ganin ɗan siririn layi mai lanƙwasa na 'yan milimitoci. Abubuwa biyu ne ke ƙarfafa zargi: ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare, kuma akwai wani a gidan da shi ma yake susa. Wanda ya kamu karo na farko yakan yi mako 4 zuwa 6 kafin ya fara jin komai, alhali yana yaɗawa. Wannan ne dalilin da ya sa ake yi wa mutanen gida magani gaba ɗaya a rana ɗaya, har da waɗanda ba sa susa. Ƙaiƙayin kuma yana iya ci gaba har mako 2 zuwa 4 bayan ƙwarin sun mutu.

Kirci irin na gado, wanda ke tafiya tare da asma da yawan atishawa, yana zama a lanƙwasar gwiwar hannu da bayan gwiwa da wuya. A jarirai kumatu yake fara kamawa. Fatar takan bushe, ba ta da iyaka a fili, kuma a baƙar fata sau da yawa takan fito da ƙananan ƙuraje a bakin ramukan gashi. Wani ciwon fata mai suna soriyasis akasinsa ne. Shi bayan gwiwar hannu yake so, da gaban gwiwa, da ƙasan gadon baya, da fatar kai. Tabonsa mai kauri ne, iyakarsa a fili, da ɓarɓashi fari ko toka-toka a sama, kuma idan an kankare sai ɗigon jini ya fito. Duba farce: idan akwai ƙananan ramuka kamar an tsira da allura, zargin ya ƙaru. Babu wanda ake ɗauka daga wani a cikin waɗannan biyun.

Makero a jiki yakan yi zobe, bakinsa a tashe da ɓarɓashi, tsakiyarsa tana washewa yayin da yake faɗaɗa, kuma yawanci gefe ɗaya ne, ba ya fitowa daidai wa daida a dama da hagu. A kan yaro yana cinye gashi ya bar fili mai ɓarɓashi da guntayen gashi da suka kakkarye, sau da yawa da kaluluwa a ƙeya. Na kai ba ya jin maganin shafawa, domin fangas, wato ƙwayar cutar da ke kawo shi, yana cikin silin gashi ne, sai an sha magani na makonni. Wani lokacin yakan kumbura ya yi taushi yana fitar da mugunya har a ɗauka maruru ne a nemi tsagawa. Ba a tsaga shi.

Idan ƙurji ya ɗauki siffar wani abu, nemi abin. Zagaye a wuyan hannu daidai inda agogo ke zama, tabo a ƙasan cibiya inda ƙarfen bel ke taɓawa, layi a saman ƙafa daidai igiyar takalmin roba, kumburin goshi da kunnuwa bayan rinin gashi, duk fata ce ke ƙin abin da ya taɓa ta. Idan kuma ƙuraje masu ruwa suka taru a layi ɗaya, a gefe ɗaya na ƙirji ko fuska, suka tsaya cak a tsakiyar jiki ba su tsallaka ba, ga raɗaɗi da ya riga su zuwa da 'yan kwanaki, wannan zosta ce, wato ƙwayar ƙarambau da ta kwanta a jijiya tun yarinta ta farka. Maganinta ya fi aiki idan an fara cikin awa 72. Idan ta fito a goshi ko kan hanci, ido na cikin haɗari. Idan ta kama matashi, ko ta kama wurare da yawa, ya kamata a gwada ƙarfin garkuwar jiki.

Wani abu da ake yawan yi wa mummunar fahimta shi ne baƙin da ke kwanciya a bayan wuya da hammata, mai taushi kamar karammiski. Ba dauɗa ba ce, ko an dirje ba ya fita. Yawanci jiki ne ke nuna ya fara ƙin jin sinadarin insulin, don haka gwajin suga ya fi sabulu amfani.

Mataki na biyar: tabo mai haske, a yi masa gwaji uku

Nan ne ya kamata a daɗe, domin cututtuka huɗu ne ke kama da juna a ido, amma makomarsu ta sha bamban.

Gwaji na farko, kankara. Ja fatar da yatsu biyu ko ka ɗan kankare ta da farce. Idan wani lallausan gari ya taso, kyasbi ne. Yakan fito da ɗige-ɗige masu yawa a ƙirji, kafaɗa, gadon baya da wuya, suna haɗewa su zama babban fili, kuma ya fi kama matasa da masu yawan gumi. Fangas ɗin da ke kawo shi yana zaune a fatar kowa, yawansa ne kawai ke ƙaruwa, saboda haka ba rashin wanka ba ne. Bayan magani launin yakan ɗauki watanni kafin ya dawo. Idan garin ya daina tasowa, magani ya yi aiki ko da farin yana nan. Akwai kuma wani fari-fari marar iyaka a kumatun yara masu busasshiyar fata, wanda shi ɗan'uwan kirci ne, yana tafiya da kansa.

Gwaji na biyu, zurfin farin. Idan wurin ya yi fari fat kamar alli, babu ɓarɓashi, iyakarsa a fili, ya fito a zagayen ido, baki, kan yatsu ko al'aura, sau da yawa dama da hagu, har gashin wurin ya yi fari, wannan bitiligo ne. Garkuwar jiki ce ke kashe ƙwayoyin da ke ba fata launi. Ba a ɗauka, kuma ba shi da wata dangantaka da kuturta, duk da irin ƙyamar da masu shi ke sha.

Gwaji na uku shi ne mafi muhimmanci, kuma shi aka fi mantawa. Samo ɗan audugar da aka murza bakinta ya yi tsini. Ka fara taɓa lafiyayyar fata idon mutumin a buɗe, ka ce ya nuna wurin da yatsa. Idan ya gane, ya rufe ido. Sai ka riƙa taɓawa nan da can, wani lokaci a tsakiyar tabon, wani lokaci a wajensa, ba tare da tsari ba. Idan yana jin na waje amma ba ya jin na cikin tabon, a ɗauka kuturta ce har sai an tabbatar ba ita ba ce. Tabonta bai kai na bitiligo fari ba, ba ya ƙaiƙayi, ba ya gumi, gashin wurin yakan zube. Rashin ƙaiƙayi da rashin zafin nan su ke sa a yi sakaci da shi. Ma'aikacin lafiya zai lalubi jijiyoyin da ke bayan gwiwar hannu, gefen gwiwa da gefen wuya ya ji ko sun yi kauri, ya kuma duba ƙarfin yatsu.

Tun 1873 wani likita a ƙasar Norwe, Gerhard Hansen, ya gano ƙwayar da ke kawo kuturta, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke samar da maganinta kyauta. Mai tabo 1 zuwa 5 yakan sha na wata 6, wanda ya wuce haka na wata 12. Ana warkewa sarai, kuma da an fara shan magani mutum ya daina yaɗawa. Abin da magani ba ya iya dawo da shi shi ne jijiyar da ta riga ta mutu. Gwajin audugar nan na minti biyu shi ke tsakanin tabo da nakasa.

Mataki na shida: ƙuraje tare da zazzaɓi

A nan jerin faruwar abubuwa ake bi. Ƙyanda takan fara da zazzaɓi mai zafi, tari, majina da jan ido na kwana 3 zuwa 5, sannan ƙuraje su fito daga bayan kunne da gaban goshi suna gangarowa ƙasa. Ba su da ruwa. A baƙar fata hannu ya fi ido jin su. Kafin su fito, a cikin kumatu ana iya ganin ƙananan fararen ɗigo.

Ƙarambau yana da ruwa, ya fi yawa a ƙirji da baya, kuma alamarsa ita ce a lokaci guda za ka ga sabon ƙurji, da mai ruwa, da wanda ya yi ɓawo, duk a wuri ɗaya. Ƙyandar biri kuwa ƙurajenta sun fi tauri da zurfi, sau da yawa da ɗan loɓawa a tsakiya, suna zafi, suna iya kama tafin hannu da tafin ƙafa, ga kumburin kaluluwa. A ɓarkewar da ta bazu a duniya a 2022, da yawa sun zo da 'yan ƙuraje kaɗan a al'aura ko dubura kawai. Duk ukun nan suna yaɗuwa, don haka a keɓe mai ciwo a kuma sanar da ma'aikatan lafiya.

Ƙuraje marasa ƙaiƙayi a tafin hannu da tafin ƙafar babba, makonni bayan wani miki marar zafi a al'aura ya zo ya tafi da kansa, suna bukatar gwajin jini na cutar sifilis.

Mataki na bakwai: me aka shafa, me aka sha?

Wannan tambaya tana iya rushe duk abin da ka gani. Man shafawa masu sitiroyid mai ƙarfi, irin su kulobetasol da betametason, waɗanda ake cusawa cikin mayukan "maganin komai" da mayukan sa hasken fata, suna kwantar da ƙaiƙayi nan take, amma suna ba fangas damar yaɗuwa. Makeron da aka shafa wa irinsu yakan rasa zobensa da ɓarɓashinsa, ya faɗaɗa, ya zama wani abu da ko ƙwararre sai ya kankari fatar an duba a madubin ɗakin gwaji kafin ya gane. Ƙazuwa ma haka. Idan an daɗe ana shafawa, fata takan yi siriri, ta yi nankarwa, fuska ta cika da ƙuraje. Ka tambayi sunan duk abin da aka shafa, a kawo bututun a gani.

Magungunan sha ma haka. Baƙin tabo mai zagaye da ke dawowa a wuri ɗaya tak, a leɓe, hannu ko al'aura, duk lokacin da aka sha wani magani, shi ma illar magani ce, kuma sau da yawa maganin ciwon jiki ne ko na salfa. Sai sauran tambayoyi: yaushe ya fara, daga ina, ƙaiƙayi yake ko zafi, wane aiki mutum yake yi, akwai ciwon suga, akwai juna biyu.

Mataki na takwas: abin da ya ƙi warkewa ko yake canzawa

Gyambon da ya wuce mako 4 zuwa 6 bai nuna alamar rufewa ba yana da dalili a ƙarƙashinsa. A tafin ƙafar mai ciwon suga yakan fito ba zafi, zagaye da kaurin fata. A kusa da idon sawu ana tunanin jijiyoyin jini da suka gaza, ko sikila. Tsohon tabon ƙuna ko tsohon gyambo da bakinsa ya fara tasowa yana zubar da jini, a yanki ɗan nama a gwada, domin kansar fata takan tsiro a irin wannan wuri. Zabiya kuwa, duk wani ɓawo ko miki a fuska, kunne, wuya ko bayan hannu da ya ƙi tafiya, kada a jira.

Baƙin tabo ana duba masa abubuwa biyar don gudun kansar fata mai suna melanoma: rabinsa bai yi kama da ɗaya rabin ba, bakinsa ba a daidaice yake ba, launinsa ya fi ɗaya, faɗinsa ya wuce milimita 6, kuma yana canzawa. Na ƙarshen ya fi sauran nauyi. Masu baƙar fata ba su cika kamuwa da kansar melanoma ba, amma idan ta zo yawanci ba inda rana ke duka take fitowa ba, sai tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce. Ita ce ta kashe mawaƙin Jamaika Bob Marley a 1981, kuma daga ƙarƙashin farcen yatsan ƙafarsa ta faro. Layi baƙi a farce da yawa abu ne da aka saba gani a baƙar fata. Wanda ake tsoro shi ne layi a farce ɗaya tak, sabo, yana faɗaɗa, baƙin yana malalowa kan fatar da ke gindin farcen.

Duk tabon da kake sa wa ido, ɗauki hotonsa da rana, ka ajiye abin awo a gefensa, ɗaya daga nesa don a ga wurin, ɗaya daga kusa. Ka sake ɗauka bayan wata ɗaya a irin hasken. Idan za ka ga likita, kada ka shafa komai a wurin a ranar, ka tafi da hotunan da duk magungunan da aka yi amfani da su.